Yadda ɗalibi zai shirya wa GSoC da Outreachy daga nan Saudiyya

Duk shekara da zarar Maris ya kama sai ƙannenmu na Jami'ar Musulunci ta Madina da Ummul Ƙura da Jami'ar Malik Abdul'aziz ta Jidda su fara tambaya, wai yaya ake cike fom ɗin Google Summer of Code, wato GSoC. To gaskiya wanda sai a Maris ya fara wannan tambayar ya riga ya makara, sai dai ya yi shirin baɗi. Ba fom ne yake shigar da mutum ba. Waɗanda suke zaɓe mutane ne masu kula da wata manhaja, kuma kusan kullum wanda suka riga suka san sunansa suke ɗauka, wanda ya yi wata uku huɗu yana musu ƙananan gyare-gyare yana amsa gyaran da suka yi masa ba tare da fushi ba. Duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan ya ginu, wato yadda za ka sa su san ka tun kafin a buɗe ƙofa.

Bari mu fara da sanin su waye su. Google ne ya fara GSoC a 2005, yana biyan sababbin hannu su yi aiki a manhajojin da kod ɗinsu yake a buɗe kowa zai iya karantawa ya gyara, irin su GNOME, KDE, LibreOffice, Wikimedia, Zulip da sauransu. Da can ɗalibai kaɗai ake ɗauka, daga 2022 aka buɗe wa duk sabon shiga da ya kai shekara 18. Aikin girma uku ne, ƙarami wajen awa 90, matsakaici awa 175, babba awa 350, yawanci cikin mako 12. Kuɗin ya danganta da ƙasar da kake zaune, a 'yan shekarun nan matsakaici yana farawa daga dala 1,500, babba daga dala 3,000, sai ka buga da riyal 3.75 ka ga abin da ya kama. Yawanci ana fitar da sunayen ƙungiyoyin masu manhajojin wajen ƙarshen Fabrairu, a karɓi takardun neman shiga daga wajen tsakiyar Maris zuwa ƙarshensa ko farkon Afrilu, sakamako wajen farkon Mayu.

Outreachy kuma daban take, tana ƙarƙashin Software Freedom Conservancy, wata uku ake yi, dala 7,000, zagaye biyu a shekara, Mayu zuwa Agusta da Disamba zuwa Maris. An yi ta ne don waɗanda ake tauyewa ko suke da ƙarancin wakilci a harkar fasaha, don haka 'yan mata ku buɗe kunne nan, kuma ba kod kaɗai ake yi ba akwai rubuta bayanai da zane da aikin data. Ɗalibin da makarantarsa take ɓangaren arewacin duniya kamar mu zagayen Mayu ne nasa, kuma suna so ka nuna kana da kwana 42 a jere babu aji babu imtihan. Akwai kuma LFX Mentorship na Linux Foundation, sai Hacktoberfest a Oktoba wanda ba albashi ake ba amma lokaci ne mai kyau na koyon hannu.

Kafin ka sa rai da kuɗi ka tsaya ka karanta sharuɗɗa, wannan ya shafe mu fiye da kowa. Dokar GSoC ta ce dole ka zama kana da izinin aiki a ƙasar da za ka zauna lokacin shirin. Ikamar ɗalibin minha, wato mai tallafin karatu, ba ta aiki ba ce, haka wanda yake ƙarƙashin ikamar mahaifinsa, don haka ka je ofishin harkokin ɗalibai ka yi tambaya baki da baki kar ka dogara da wani ya ce wani ya ce. Wanda zai koma Kano ko Yamai ko Kumasi hutun bazara lissafinsa daban ne da wanda zai zauna a sakan, wato masaukin ɗalibai. Ana biya ta Payoneer, shi ma ka duba ko takardunka za su buɗe maka shi tun da wuri. Amma gyara manhaja kyauta babu wanda ya hana ka, kuma shi ne asalin abin da yake gina mutum.

To sai kayan aiki. Ba ka buƙatar sabuwar kwamfuta daga Jarir, tsohuwar laftof daga Haraj mai RAM 8 da SSD ta isa yawancin ayyuka. Jawal, wato wayar hannu, kaɗai kam ba zai yi ba, kar ka wahalar da kanka. Ka sa Linux, tsarin da yake tafiyar da kwamfuta kamar Windows, nau'in Ubuntu ko Fedora, in kuma kana tsoron taɓa Windows ɗinka saboda ayyukan makaranta sai ka kunna WSL, zai ba ka Ubuntu a cikin Windows ɗin. Dalili shi ne yawancin waɗannan ayyukan bayanin girka su an rubuta shi ne da tunanin kana kan Linux ko Mac, in ka nace sai Windows zalla rabin lokacinka a faɗa da girkawa zai ƙare. Ka saba da baƙin allon nan na taminal, shiga folda, fita, neman kalma a cikin fayiloli da grep, ba wani abu mai yawa ba. Ka buɗe asusu a GitHub, shafin da ake ajiye kod ana aiki tare a kai, da suna na mutunci wanda ba za ka ji kunyar sa shi a takardar neman aiki ba, in kana da imel na jami'a ka nemi Student Developer Pack kyauta ne.

Yaren kod guda ɗaya ka riƙe da kyau. Python ko JavaScript sun fi yawan ƙofofi, in kulliyarku Java ake koyarwa akwai OpenMRS, manhajar ajiye bayanan marasa lafiya ce da asibitoci da dama a Afirka suke amfani da ita, in C++ ne ga KDE da LibreOffice. Ba sai ka zama gwani ba, abin da ake so ka iya karanta kod ɗin da wani ya rubuta ka gane inda ya dosa, wanda kuma shi ne abin da jami'a ba ta cika koyarwa ba, can kullum daga farar takarda kake fara naka.

Sai Git, kuma a nan zan ɗan daɗe don nan ne mutane suke zubewa. Linus Torvalds ne ya rubuta shi a 2005 saboda aikin Linux, aikinsa ya riƙe tarihin duk canjin da aka yi wa kod. Tsarin da za ka maimaita sau ɗari shi ne wannan. Ka shiga shafin aikin ka danna Fork, ka samu kwafinka. Ka sauko da shi da git clone. Ka haɗa shi da na asali da git remote add upstream sai adireshin. Kar ka taɓa yin aiki a kan babban reshe, kowane gyara ka yanka masa reshensa da git switch -c sai sunan da yake nuna abin da kake gyarawa. Ka yi gyaran, ka duba da git diff ka tabbata abin da ka yi niyya kaɗai ka canza, don wani lokaci editan ka yakan gyara tazarar layuka ɗari ba ka sani ba. Sai git add, sai git commit da saƙo gajere mai ma'ana, ba "update" ko "fix" kawai ba, sai git push, sai ka buɗe PR wato roƙon a haɗa gyaranka da na asali. Kafin su duba naka wasu sun shigar da nasu, sai ka yi git fetch upstream da git rebase, in layinku ya yi karo da na wani Git zai tsaya ya nuna maka wurin da alamomi, kai za ka zaɓi wanda zai zauna. Wallahi ranar farko abin tsoro ne. Shawarata ku haɗu ku biyu a sakan ku buɗe ma'ajiyar wasa, ku riƙa gyara layi ɗaya da gangan kuna haddasa karo kuna warwarewa, dare biyu uku tsoron ya fita.

Yanzu zaɓen aiki. Shafin GSoC yana ajiye jerin ƙungiyoyin shekarun baya da ayyukan da aka yi, ka duba na shekara uku da suka wuce, wadda ta fito duk ukun akwai kyakkyawan zaton za ta dawo. Ka ware biyu, in ka yi yawa uku, sannan ka leƙa ka ga suna da rai. Yaushe aka shigar da gyara na ƙarshe, PR ɗin baƙi kwana nawa yake yi kafin a amsa, in sabon shiga ya yi tambayar da ba ta da kai yaya ake amsa masa. In ka ga wurin da ake yi wa mutane tsawa ko an bar PR wata shida ba ko sannu, ka yi gaba. Kuma ni a ganina kar ka ruga manyan sunaye da kowa yake rugawa, inda mutum ɗari suke kokawa a kan matsala guda, ƙaramar ƙungiya mai mutum goma da suke amsa saƙo ta fi maka. Ka duba akwai fayil ɗin lasisi, MIT ko Apache ko GPL, in babu lasisi to ba buɗaɗɗen aiki ba ne ko da kana ganin kod ɗin.

Ga wani abu da muke da shi mu ba mu ɗauke shi komai ba. Yaron da ya taso a Shari'a Mansur ko Hindawiyya, ko wanda ya yi shekara biyu a ma'ahad ɗin lugga, yana karanta Larabci yana jin Hausa ga ɗan Turancinsa. Yawancin masu kula da waɗannan manhajoji ba sa iya karanta rubutun dama zuwa hagu, ba su ma san ya lalace ba sai an faɗa musu. Ka girka manhajar ka juya ta zuwa Larabci ka yi yawo a ciki, za ka ga abin mamaki. Kibiyar komawa baya tana kallon gaba, lambar waya ta juye a tsakiyar jimla, rubutu ya manne da hoton da ke gefensa. Wannan na ƙarshen sau da yawa layi ɗaya ne a CSS, yaren da ake tsara kamannin shafi da shi, wani ya rubuta margin-left saboda a kansa rubutu daga hagu yake farawa, in ka mayar da shi margin-inline-start sai tazarar ta bi duk inda harshen ya fuskanta. Layi ɗaya, amma ka ɗauki hoton kafin da bayan gyara ka sa a PR ɗin, mai dubawa zai ga aikin da shi ba zai iya gani da kansa ba. Haka kwanan watan Hijira na kalandar Ummul Ƙura, haka haruffanmu ƙ da ɗ da ɓ da wani akwatin bincike yake ƙin ganewa. Fassara ma hanya ce, ana yi a Weblate da translatewiki da Pontoon na Mozilla, tana sa ka san manhajar ciki da bai. Sai dai in GSoC kake nufi kar ka tsaya a fassara, shi aikin kod ne, fassarar ƙofa ce kawai.

Da ka zaɓa, abu na farko ka karanta fayilolin bayaninsu README da CONTRIBUTING daga farko har ƙarshe, can suke faɗin yadda suke son saƙon kwamit, yadda ake gudanar da gwaje-gwaje, ko sai ka nemi izini kafin ka ɗauki matsala. Sannan ka tayar da manhajar a kwamfutarka. Wannan kaɗai zai iya cin mako guda kuma ba laifinka ba ne, bayanan girkawa sukan tsufa. Duk inda ka maƙale ka rubuta abin da ya faru da yadda ka fita, in ka gama ka ga bayanin nasu ne yake da giɓi to ga gyaranka na farko nan a hannu.

Ka shiga inda suke hira, wasu Matrix wasu Zulip wasu Discord ko IRC, ka yi kwanaki kana karatu shiru. Mu mun saba sai an yi sallama an tambayi gida da gajiya da iyali kafin a shiga magana, can kuwa gaisuwa layi ɗaya ta isa sai batun. Kar ka rubuta "ina so in taimaka ku nuna mini hanya", irin wannan saƙon suna samun sa da yawa a Maris har ba sa ganinsa. Ka ce ina ƙoƙarin gyara matsala lamba kaza, na gudanar da umarni kaza, ga abin da ya fito, na gwada kaza bai yi ba, ina zaton daga fayil kaza ne, ko na yi kuskure? Ka manna rubutun kuskuren kansa ba hoton allo da ka ɗauka da jawal a karkace ba. Kuma a fili za ka yi tambaya, kar ka bi mutum ta saƙon sirri, ba sa so, sannan a filin ne ake ganin ƙoƙarinka. Turancinka ba sai ya yi kyau ba, rabinsu ma ba harshensu ba ne. Ka tuna kuma hutunmu Juma'a da Asabar ne nasu Asabar da Lahadi, in ka tura abu daren Juma'a kana iya jira har Litinin, ba wulaƙanci ba ne, yawancinsu sa kai suke yi bayan sun tashi daga aikinsu.

Matsalolin da aka sa wa alamar good first issue don irinka aka ware su. Ka duba babu wanda yake kai, ka rubuta cewa za ka gwada, in ta fi ƙarfinka ka dawo ka faɗa a sake ta, kar ka riƙe ka ɓace. PR ɗaya gyara ɗaya. In akwai gwaje-gwaje ka gudanar kafin ka tura, in ka iya ka ƙara gwajin da yake nuna matsalar ta tafi.

Sai a dawo maka da shi da jan biro, wani lokaci sharhi goma sha a kan layi ashirin. Nan ne ake gane wanda za a iya aiki da shi wata uku. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, wanda ka gyara ka ce an gyara, wanda ba ka gane ba ka tambaya, wanda kake ganin kai ne da gaskiya ka kawo hujja cikin ladabi. Duk wanda ya zauna gaban malam a Harami ana gyara masa makhraji ya san gyara ba ƙiyayya ba ce, wanda aka ƙyale bai gyaru ba shi ne abin tausayi. In mako ya wuce shiru ka ɗan taɓa su sau ɗaya, ba kullum ba.

Maganar ChatGPT da 'yan uwansa, ka yi amfani da su wajen fahimtar kod ko gyara Turanci in dokar ƙungiyar ta yarda, da yawa yanzu sun rubuta matsayinsu a kai sai ka nema ka karanta. Amma kar ka tura layin da in aka tambaye ka me ya sa ka rubuta shi haka za ka yi zuru. Suna ganewa, kuma daga ranar sunanka ya ɓaci a wurin.

In ka fara a Oktoba ko Nuwamba, zuwa Fabrairu kana da gyara huɗu biyar da aka karɓa, daga ƙanana zuwa masu ɗan nauyi, sai jerin ayyukan bana ya fito. Ka zaɓi ɗaya ka yi magana da wanda zai jagorance shi tun da wuri, ka karanta ɓangaren kod ɗin da aikin zai taɓa. GSoC ya yarda ka tura takarda har uku amma ɗaya tak za a karɓa, guda mai ƙarfi ta fi uku na gaggawa. In ƙungiyar tana da tsarin rubutawa ka bi shi sak. A ciki ka faɗi matsalar da bakinka, ka faɗi yadda za ka warware ta har da sunayen fayiloli da sassan da za ka canza, ka raba aikin mako-mako da abin da za a iya gani a ƙarshen kowane mako biyu, ka bar sarari na gwaji da rubuta bayani da abin da ba a zata ba, sannan ka jera mahaɗan gyare-gyarenka. Ka tura wa jagoran daftari ya duba mako biyu kafin a rufe, yawanci suna dubawa in ka kawo da wuri.

Wajen jadawali ka faɗi gaskiya. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa daidai lokacin shirya takardu, aikin Hajji kuma kusa da fara aikin, ga imtihan na ƙarshen shekara a tsakani. In ka san goman ƙarshe ba ka taɓa kwamfuta, ka gama daftarinka kafin nan. In ka san kwanakin Hajji kana Mina kana yi wa alhazai tafinta ko wani aikin mausim, ka rubuta ƙarara cewa daga ranar kaza zuwa kaza ba na nan, ga yadda zan rama. Ba sa ƙin mutum don wannan, GSoC ma yana barin a tsawaita aiki har mako 22 in an yi yarjejeniya, wanda suke kayarwa shi ne wanda ya ɓace ba labari, kuma akwai tantancewa a tsakiya da ƙarshe, kuɗin ma kashi biyu ake biya bayan kowace.

Ita Outreachy matakinta na farko rubutu ne a kan kanka da irin cikas ɗin da ka fuskanta wajen karatu ko shiga harkar, ana buɗewa watanni kafin zagayen, na Mayu tun wajen farkon shekara. In ka wuce sai a ba ka kusan wata guda na ba da gudummawa, kuma dole ka rubuta gudummawar a shafinsu sannan ka cike takardar ƙarshe, mutane suna yin aikin su manta wannan. Wanda ya taɓa yin GSoC ba ya shiga Outreachy, sai ka san wanda za ka fara nema.

In sakamako ya fito babu sunanka, ka tambayi jagoran me ya rage, sau da yawa guraben da Google ya ba ƙungiyar ne ba su kai ba, ka ci gaba da gyaranka a wurin, zagaye na gaba kai ne tsohon hannu. Ranar rufewa kuma ka kula da agogo, GSoC da ƙarfe 18:00 UTC yake rufewa wato tara na dare a nan, 'yan uwanmu da ke Sudan takwas, kuma ba a ƙara ko minti ɗaya. Ka ɗora PDF ɗinka kwana biyu kafin nan, shafin yana barin ka sauya shi da sabo har zuwa lokacin rufewar.